Littattafai Uku Da Na Karanta Ina Jiyya

Watan jiya ciwon ƙafa ya zaunar da ni a ɗaka mako uku cur, ba daka, ba tankaɗe. Da zaman ya ishe ni, sai na sa 'yata ta kwaso mini littattafai. Goggon maigida ta shigo duba ni, ta tarar da ni da littafi a hannu, ta ce, "Ke kuwa, da girmanki kike tatsuniya da rana tsaka?" Na ce, "Goggo, ki yi mini haƙuri in gama, sa'an nan in ba ki amsa." To, ga abin da na samu.

Na fari shi ne Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam. Ya rubuta shi yana malamin makaranta a Katsina, domin gasar da aka yi a Zariya cikin 1933, aka buga shi 1934. Labarin wani ne da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta gamuwa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan dabara, gobe wancan ya rama, har tafiya ta kai shi ga aljannu. Kai, na yi dariya har na manta da ƙafa! Hausarsa kuwa zuma ce. Abin da ya rage mini daɗi guda ne: maza ke yawon duniya, mata kaɗan ne ke da ta cewa.

Na biyu, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito cikin 1969, watau shekarar da Amurkawa suka fara taka wata. Shi ma ƙagagge ne, amma an jingina shi da ilmin kimiyya. Wani yaro ne, Kilba, baƙon da ya sauko daga sama ya ɗauke shi cikin jirgi ya yi sararin samaniya da shi. A ganina bai kai Ruwan Bagaja armashi ba, amma ya bar ni da tambaya: shin mene ne ainihin tauraruwa mai wutsiya? 'Yata ta ɗauko littafin makarantarsu muka duba. Ashe dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura yake kewaya rana. In ya matso kusa, zafi ya sa shi tururi, shi ne wutsiyar da ake gani, kullum kuwa tana ba rana baya. Akwai wadda ake kira Halley, mai komowa bayan shekara 76 ko kusa da haka. An gan ta 1910, an kuma gan ta 1986, ana sa ranta 2061. Kun ga labarin ƙarya ya kai ni ga ilmin gaskiya.

Na uku shi ya fi shiga raina, shi kuwa ba ƙage a ciki. Labarin Baba ne, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, wadda aka haifa wajen 1877. Ba ta iya karatu da rubutu ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba tana faɗi tana rubutawa. Baba ta rasu 1951, littafin ya fito da Turanci 1954, daga baya aka fitar da shi da Hausa. Ta ba da labarin rinjin gidansu, da tsoron mahara masu kama mutane, da zuwan Turawa, da ƙawance, da biki, da zaman kishi. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi kuka da kanta ba. Ina karantawa, sai na ji kamar kakata ce ke magana a bakin murhu. Nan hawaye ya zo mini, gama ita ma kakata ta ga zamani, ta tafi da labarinta, ban tambaye ta ko ɗaya ba.

Da Goggo ta komo, na gaya mata duka. Na ce, "Goggo, da Baturiyar nan ta makara shekara biyu, da shi ke nan, an rufe littafin nan a ƙasa." Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe maganar tsohuwa ma ana bugawa?" Yanzu kullum bayan lisha tana faɗi, 'yata tana rubutawa. Har sun kai bikinta na fari.

Saboda haka ku 'yan makaranta, ku karanta na ƙage, yana wasa ƙwaƙwalwa. Amma in akwai tsohuwa a gidanku, ku sayi littafin rubutu tun yau, kada ku ce sai gobe. Allah Ya ba mu iko, amin.