Farautar ɓauna: me ya sa harsashin 1912 ke gaba har yanzu?

A ƙasar Zimbabwe, doka ba ta yarda mafarauci ya harbi ɓauna, giwa ko dorina da duk bindigar da ya ga dama ba. Dole kaurin harsashin ya kai milimita 9.2, ƙarfin bugunsa kuma ya kai jul 5,300 a lokacin da ya fito daga bakin bindiga. Domin kwatanci, harsashin AK-47 da kowa ya san sunansa a yankin Sahel, jul 2,000 ne ko kusa da haka. Wato bindigar da ta addabi ƙauyuka ba ta kai ko rabin abin da ake nema ba a gaban ɓauna.

Masu farautar manyan namun daji a Afirka da dama suna karkata ga harsasai masu matsakaicin kauri, daga milimita 8 zuwa 9.5. A cikinsu guda biyu suka yi fice, kuma dukansu sun haura shekaru ɗari.

Na farko shi ne 9.3x62, wanda wani maƙerin bindigogi na birnin Berlin, Otto Bock, ya ƙera a 1905. Jamusawan da suka zauna a ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka a Afirka na buƙatar abin da zai shiga bindigar Mauser ta gama-gari mai araha, ya kuma kayar da babbar dabba. Nauyinsa giram 18.5 ne, yana gudun kimanin mita 720 a daƙiƙa guda. Na biyu shi ne .375 H&H, na kamfanin Holland & Holland da ke Landan, wanda ya fito a 1912. Nauyin da aka fi amfani da shi giram 19.4 ne, gudunsa kuma ya kusa mita 770 a daƙiƙa. An yi kwansonsa dogo mai tsukewa ta gaba, saboda albarushin Ingila na wancan zamani kan ƙara matsi idan rana ta yi zafi, kuma kwanson da ya maƙale a cikin bindiga ana tsaka da arangama na iya zama ajalin mutum.

A kan takarda tazarar ba ta da yawa, amma a gaban doka tana da nauyi. Harsashin 9.3x62 na yau da kullum yana tsayawa wajen jul 4,800, ƙasa da ma'aunin Zimbabwe, yayin da .375 ke wuce shi ba wahala. Tanzaniya ma .375 ta sanya a matsayin mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari. Ga shi kuma ana samunsa a kusan kowane sansanin farauta, abin da ke da amfani ga baƙon da jakarsa ta ɓace a filin jirgi.

To me ya hana a ɗauki wanda ya fi girma, kamar .416 Rigby ko .458 Winchester? Kafaɗa ce ta hana. Duk bindigar da ta ƙara ƙarfi, dukan da take yi wa mai harbi yana ƙaruwa, kuma wanda ya sha wannan duka sau biyu ko uku sai ya fara runtse ido yana janye jiki tun kafin ya ja kunamar. Harbin sai ya kauce wa huhu da zuciya, ya faɗa a ciki ko a cinya. Ɓaunar da aka yi wa haka ba ta mutuwa nan take. Takan shige cikin ciyawa mai duhu ta laɓe, ta jira.

Wanda zai fara shiga ciyawar nan kuwa ba attajirin da ya biya kuɗin farautar ba ne. Mai bin sawu ne, galibi ɗan ƙauyen da ke kusa, wanda ke tafe a gaba ido a ƙasa yana neman ɗigon jini, sau da yawa ba ko bindiga a hannunsa. Haka aikin yake a yankunan farauta na arewacin Kamaru, kewayen gandun Benuwe, Faro da Buba Njidda. Zaɓin harsashin da aka yi a wani kanti na Turai ko Amurka, a kan wannan matashin yake ƙarewa.

Ƙirar kan harsashin ma tana cikin lissafi. Mai taushin kai yana buɗewa idan ya shiga nama, ya yi ɓarna a huhu, shi ya sa ake fara harbin ɓauna da shi. Mai ƙarfin kai ba ya sauya siffa, yana ratsa ƙashi kai tsaye, kuma shi ake ajiyewa domin ƙoƙon kan giwa ko dabbar da ta taso wa mutum gadan-gadan.

A Nijar, dokar 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ce ke tsara farauta da kare namun daji. Ba a farauta sai da takardar izini, raƙuman dawa na Kure suna da cikakkiyar kariya, kuma harbi haramun ne a cikin gandun W, inda ragowar ɓaunaye da giwayen ƙasar suka fi taruwa. Sansanonin farauta da dama na gabashin Burkina Faso, waɗanda a da ke karɓar baƙi masu ɗauke da .375, matsalar tsaro ta tilasta musu rufewa, masu bin sawun da ke ci daga cikinsu kuma suka rasa aikin yi.