Daga "Brazen" Zuwa "Impunity": Kalmomin Da Jaridun Turanci Ke Siffanta Tsaurin Idon 'Yan Bindiga Da Su

A ƙarshen watan Agustan 2024, motocin sulke biyu na sojojin Najeriya suka maƙale a cikin taɓo a ƙauyen Kwashabawa da ke ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara. Yaran Bello Turji suka iske motocin, suka ɗauki bidiyo suna murna a kansu, sannan suka banka musu wuta. Ba a daɗe ba rahotanni suka nuna cewa Turji ya ɗora wa mutanen Moriki harajin naira miliyan 30. Jaridun Turanci kan siffanta irin waɗannan abubuwa da kalmomi kamar "brazen", "daring", "audacious" da "defiant", masu fassara kuma sau da yawa sukan dunƙule su duka a cikin "ƙarfin hali". Amma kalmomin ba ɗaya ba ne. Wata zagi ce, wata yabo ce a fakaice, wata kuma zargi ce ga hukuma.

"Brazen" ta samo asali ne daga sunan tagulla a Turanci. Bature yana ganin wanda ya ji kunya fuskarsa takan sauya, to mai fuskar tagulla shi ne wanda ya aikata abin kunya a bainar jama'a ba tare da fuskarsa ta motsa ba. 'Yar'uwarta "effrontery" daga kalmar Latin mai nufin goshi ta fito, "impudent" kuwa daga kalmar Latin mai nufin jin kunya, tare da ɗafin korewa a gabanta. Wato Turanci a fuska da goshi ya ajiye kunya, alhali Bahaushe a ido ya ajiye ta, shi ya sa yake cewa wane yana da tsaurin ido. Saboda haka idan aka tare motocin 'yan kasuwa da rana tsaka a hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, jarida ta kira abin "brazen", fassararsa ita ce tsaurin ido ko rashin kunya. Babu ɗigon yabo a cikinta.

"Bold", "daring" da "audacious" su ne masu baki biyu. Ana faɗarsu ga ɓarawo, ana kuma faɗarsu ga sojan da ya kutsa cikin wuta ya ceto abokinsa. "Audacious" daga kalmar Latin mai nufin ƙunduƙbalar aikata abu take, kuma da sigar sunanta Barack Obama ya raɗa wa littafinsa na 2006 suna, yana nufin ƙarfin zuciyar mai kyakkyawan fata. Don haka duk lokacin da aka ce 'yan bindiga sun kai "daring attack", an ba su rabin kirari ko da marubucin bai yi niyya ba. Idan mai fassara ya ƙara da "jarumta", kirarin ya cika. Jarumta a Hausa kalma ce mai daraja, wadda ake ajiye wa irin su Namoda, gwarzon yaƙin zamanin jihadi da garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Wanda ya ƙone rumbun manomi ya kori matansa daji, tsagera ne, aikinsa kuma tsageranci.

"Defiant" ta fito daga tsohon Faransanci, inda take nufin warware mubaya'a. Tana buƙatar wani na sama da ake yi wa kunnen ƙashi, kuma kyawunta ko muninta ya dogara da wanda aka bijire wa. A 1952 baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jam'iyyar ANC, sun kira gangaminsu na karya dokokin wariyar launin fata da wannan suna, kuma duniya na tunawa da shi da girmamawa. Idan aka jingina kalmar ga ɗan bindiga, sai ta ɗaga shi zuwa matsayin mai ja da gwamnati, matsayin da shi kansa yake nema. Wasiƙar da Turji ya aika wa Sarkin Shinkafi a watan Disambar 2021, yana gindaya sharuɗɗan sulhu ga gwamnan jiha da shugaban ƙasa, yunƙuri ne na samun wannan matsayi. Manomin Kuryar Madaro da ya koma gonarsa bayan an yi masa barazana ya fi cancantar kalmar a ma'anarta mai kyau.

Mafi nauyinsu duka ita ce "impunity". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin hukunci, ma'anarta kuma aikata laifi ba tare da an hukunta mai shi ba. Hausa na da madadinta daidai wa daida: cin karensu babu babbaka. Sauran kalmomin halin mai laifi suke bayyanawa, ita kuwa wannan tana nuna yatsa ga 'yan sanda da kotu da gwamnati. Jaridar da ta zaɓe ta ta faɗi dalilin tsaurin idon, domin wanda ya san za a kama shi ba ya ɗaukar kansa bidiyo.

Wani zai ce duk wannan gardamar malaman harshe ce. Amma hukuma kanta ta nuna suna yana da tasiri. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin na ta'addanci, gwamnati kuma ta wallafa hukuncin a mujallarta ta hukuma a Janairun 2022. Daga nan dokar da ta hau kansu da kan masu taimaka musu ta sauya. Ma'aikacin gwamnati ma ya san haka daga ofishinsa: idan takardar tuhuma ta kira amsar da ya ba shugabansa "insubordination", wato ƙin bin umarnin na gaba, an shigar da shi cikin laifukan da dokokin aikin gwamnati suka tanadar wa hukunci, ko da shi yana ganin gaskiya kawai ya faɗa.

Labaran da ake fassarawa daga Turanci su ne ake karantawa a rediyo, ake yaɗawa a WhatsApp, ake tattaunawa a rumfunan kasuwar Shinkafi. A cikin masu saurare akwai samarin da ba su da aikin yi, waɗanda 'yan bindiga ke nema su ja. Yaron da ya riƙa jin ana kiran ɗan bindiga mai ƙarfin hali zai iya sha'awar zama irinsa. Wanda ya ji ana kiransa marar kunya mai cin karensa babu babbaka ya ji hukuncin jama'a a kansa, ya kuma ji tambayar da ke jiran amsa daga hukuma. Nauyin zaɓen kalmar yana kan edita da mai fassara, mai karatu kuma yana da haƙƙin lura da wadda aka zaɓa masa.