Mesar Daji Ba Ta Kai Miliyan Ba

Tun da bidiyon masu kiwon macizai na Amurka suka fara yawo a wayoyinmu, wata magana ta kama bakin samari, kuma wallahi na gaji da jin ta. Wai akwai wata ƙaramar mesa a dazukanmu da Turawa ke saye da miliyoyin naira, duk wanda ya kamo ɗaya ya yi ban kwana da talauci. Sai a turo hoton maciji fari fat mai shuɗin ido, a rubuta farashi da dala a ƙasa, wani kuma ya ɗora murya yana rantsuwa cewa irinsa na nan jibge a bayan gari. Macijin da ke hoton akwai shi, farashin ma wani lokaci haka yake. Ƙaryar ita ce a ce na daji ake biya wa wannan kuɗi.

Dabbar da ake magana a kai ita ce mesa mai dunƙulewa, wadda masana suka raɗa wa suna Python regius. 'Yar Afirka ce, ana samun ta daga Senegal har Kamaru, ta miƙa zuwa Sudan ta Kudu da Uganda. Ba ta da dafi, ba kasafai take wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta tsorata sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta dunƙule. Wannan sanyin hali ne ya sa ta shiga gidajen Turawa. A Ouidah ta ƙasar Benin har ɗaki aka gina mata ana girmama ta, haka ma wasu garuruwan Ibo ba sa yarda a kashe ta.

Masu kiwonta suna da yarensu, kuma duk wanda ya san kalmomi kaɗan daga ciki ba za a yaudare shi da hoto ba. Idan suka rubuta 1.0, namiji ɗaya ke nan, 0.1 mace ɗaya, 0.0.1 wanda ba a tantance jinsinsa ba. Haruffan WC suna nufin kamun daji. CH na nufin an ɗauko ƙwan ko uwar daga daji, aka ƙyanƙyashe a gona. CB kuwa haihuwar gida ce, uwa da uba duk a hannun mai kiwo suka haɗu. Ƙwan da mace ta zuba a karo ɗaya suna ce masa kuloci, yawanci daga 3 zuwa 11, yana kuma ƙyanƙyashewa cikin kwana 55 zuwa 60. Sauran kalmomin, na saɓa da na girman ɓeran da ake ba ta, ba su dame mu ba a nan. Biyu ne kuɗin ke rataye a kansu: mof da het.

Mof shi ne launi ko zanen jiki da ya saɓa wa na asali saboda wani canji a ƙwayoyin gado. Mesar daji baƙa ce da ruwan ƙasa, ita suke kira nomal, wato gama-gari, kuma ita ce mafi arha a kasuwarsu. A shagunan Amurka da 'yan gomomin daloli ake sayar da jaririyarta, bayan an biya jirgi, an biya takardu, dillalai biyu ko uku sun ci ribarsu. To, kai da ka tono ta daga rami, nawa kake zaton zai iso hannunka?

Masu tsadar su ne zabiya, da mai farin roɗi-roɗi da suke kira payibol, da fara mai shuɗin ido, da wasu dubban launuka da aka harhaɗa. Wani mai kiwo a Amurka, Bob Clark, shi ya fara samar da zabiya haihuwar gida a 1992, Peter Kahl kuma ya tabbatar da cewa roɗi-roɗin nan gado ne a 1997. A wancan lokaci jaririya ɗaya ta kai dubban daloli. Daga nan kowa ya shiga sana'ar, zabiya ta yawaita, farashinta ya faɗi warwas. Labarin da ake yi mana yau ya tsufa da shekara kusan talatin.

Maganar het ita ce ke rushe jita-jitar gaba ɗaya, don haka a yi haƙuri a bi ni sannu. Zabiyanci gado ne mai ɓuya, ba ya bayyana sai ɗa ya karɓe shi ta wajen uwa da ta wajen uba. Idan aka haɗa zabiya da gama-gari, duk 'ya'yan za su fito da kamar gama-gari, amma kowannensu yana ɗauke da gadon a ɓoye. Irin waɗannan ake ce wa het. Idan aka haɗa het biyu, a lissafi ɗaya cikin huɗu zai fito zabiya, biyu su zama het, ɗaya ya tashi ba komai. Waɗannan ukun da suka rage ido ba ya bambance su, shi ya sa za ka ga an rubuta het kashi 66 a tallar maciji, ma'ana ana kyautata zato ne kawai, sai ya girma an gwada shi a barbara za a sani. Mace kuwa takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta isa yin ƙwai.

Ke nan macizai biyu na iya zama kamar an tsaga kara, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi sau da yawa, don kawai an san iyayen wannan, ba a san na wancan ba. Masu kiwon tattabara a Kano sun san wannan karatu: ba fuka-fuki kaɗai ake saye ba, har da asali da amanar mai ɗakin. Abin da Bature ke biya shi ne tarihin zuri'a da aka rubuta shekara da shekaru. Mesar da ka ciro daga suri ba ta da uban da za a nuna, ba ta da takarda, ga kaska a jikinta da tsutsar ciki, kuma kamun daji ya shahara da ƙin cin abinci a keji. Masu kiwo na ƙwarai gudun WC suke yi.

Wani zai ce ai zabiyar farko daga dajin Afirka ta fito. Haka ne, kuma a nan jita-jitar ta sami gindin zama. Amma a duba yadda harkar take. Ƙasashe uku ne ke riƙe da wannan ciniki: Ghana, Togo da Benin. Mafarauta suna tono mata masu ciki da ƙwai, gonaki masu lasisi su ƙyanƙyashe, a fitar da dubun-dubatar jarirai kowace shekara, a mayar da wani kaso daji. Cikin wannan tuli ake tsintar mai baƙon launi jefi-jefi, kuma mai gonar da ke da abokin ciniki a waje shi ke cin ribarta. Wanda ya yi tonon ladan wahalarsa kawai yake karɓa. Sa'annan mesar tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba ta ƙetare iyaka sai da izinin hukuma, Najeriya kuma tana da dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko na kwastan zai haɗa ka da mai saye a Turai, ɗan damfara ne, ka toshe lambarsa.

Ko masu tsadar ma ba duka ne abin sha'awa ba. Akwai launin da suke kira sifaida, mai zane siriri, wanda gadonsa ke tafe da lalurar karkarwar kai da rashin saiti. Ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dabbobi ta IHS a Birtaniya ta hana sayar da shi a kasuwanninta tun 2018.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannun da za a zura a rami. Wannan mesa a ramin ɓera da gafiya da cikin suri take fakewa, kuma ba ita kaɗai ke son wurin ba, gamsheƙa ma tana shiga. Kasa gajera ce, mai kauri, mai zanen ruwan ƙasa, yaron da bidiyo ne malaminsa zai iya ɗaukar ta a matsayin mesa. Ga kububuwa, wadda ba banza aka yi mata laƙabi da gobe da nisa ba, dafinta yana hana jini daskarewa har mutum ya riƙa zubar da shi ta dasashi. A je asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe a ga manoma da makiyayan da ba su nemi maciji ba, shi ya same su a gona. Ina dalilin kai kanka?

Iyaye, ku ja kunnen yaranku. Kada a zura hannu a rami ko suri ko ƙarƙashin dutse. Mai shiga gona da duku-duku ya sa takalmi mai rufi, mai fita da dare ya riƙe tocila. Idan tsautsayi ya auku, kada a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba, kada a tsaga da reza, kada a tsotsa, kada a tsaya jiran baƙin dutse ya zuƙe dafi, domin ba ya zuƙewa. A cire zobe da agogo da warwaro kafin kumburi, a hana hannun ko ƙafar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi, kada a sa shi gudu. Kada a ba shi asfirin, tana ƙara zubar jini. Kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin don a nuna wa likita, bayanin kamarsa ya isa. Layar da gardawa ke tallatawa a kasuwa, da garin maganin da suke cewa in ka sha maciji ba ya kama ka, kada su sa kowa ya yi ganganci. Wanda kuma ya taɓa mesa ko da ta gida ce ya wanke hannu da sabulu, don jikinta kan ɗauki ƙwayar salmonela mai kawo gudawa da zazzaɓi.

Idan ka ci karo da mesar nan a gonarka, ka ƙyale ta, ɓerayen da ke yi maka ɓarnar hatsi take ci. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta riga ta sa ta cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗari, kuma ban da fataucin nan akwai masu cin namanta, da masu jima, da masu haɗa magani, da ƙunar daji. In ta shigo gida, a fitar da yara daga ɗakin, a kira ma'aikatan gandun daji ko wanda ya san aikin ya ɗauke ta.