Ko ka sani? Zama ma yana cin mota

A ƙasar Gobir, daga Kurawa zuwa Sabon Birni da Isa, ajiye mota na watanni ba sabon abu ba ne. Da can cin rani ne ke jawo shi. Tun wajen 2019 kuwa, da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu sun koma Sakkwato, kuma ba kowa ya samu fita da abin hawansa ba.

Abin da ke fara mutuwa shi ne batir. Ko an kashe mota, agogonta da kwamfutar injin suna ci gaba da shan wuta kaɗan-kaɗan. Shi kansa batirin yana zubar da caji ko ba a haɗa shi da komai ba, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin zubar. A nan kuwa zafin Afrilu kan haura 40. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ya daɗe a ƙasa da 12.4, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, daga nan ko an kai shi wurin mai caji ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Maganin ba ya cin ko kwabo: a kwance kan batir mai alamar ragi, ko a cire shi ɗungurum a sa a inuwa.

Akwai wata al'ada da nake ganin ɓarnarta ta fi amfaninta, wato a bar wa ƙane makulli a ce, "Ka riƙa tashinta kullum da safe." Wutar da sitata ke ja ba ta dawowa a minti biyar na aiki a tsaye. Injin bai yi zafin da zai kori tururi ba, sai ruwa ya kwanta a salansa, ya kuma gauraya da baƙin mai. In za a tashe ta, a yi tafiyar rabin awa da ita. In hanya ba lafiya, gara a ƙyale ta.

Fetur ma yana tsufa. Cikin 'yan watanni sashensa mai saurin kamawa ya tsere, saura ya yi danƙo ya toshe kafireto. Cika tanki yana rage raɓar da ke kawo tsatsa, kodayake tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan shawara ta yi wa aljihu nauyi. Mai babur ya fi samun sauƙi: ya rufe makunnin mai, ya bar injin ya ci na cikin kafireto har ya mutu da kansa.

Kada a ja birkin hannu, damina ɗaya ta isa ta liƙe shi. A sa giya, a tare tayoyi da dutse, ba da itace ba, don gara ba ta barin itace. A ƙara wa tayoyin iska.

Sai ɓera. Tsabar gero ko gyaɗa da ta zube ƙarƙashin kujera ita ke kiransa, in ya shigo kuma wayoyin wuta zai bi da haƙori. A share motar tas, a cusa tsumma a bakin salansa saboda shi da zanzaro, sannan a ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don mai tayar da ita ya tuna ya zare tsumman.