Tamaula Ta Koma Gidan Kallo: Ina Makomar Yaran Nguru Da Gashuwa?

Duk wanda ya ratsa Nguru ko Gashuwa ranar Asabar da la'asar zai iske gidajen kallo cike maƙil, samari sun biya kuɗinsu suna ihu a kan Arsenal da Chelsea. Haka abin yake a Agege ta Ikko da Sabo ta Badun, inda 'yan Arewa da dama ke neman abinci. Amma a tambayi mai ihun nan wane kulob ne ke gaba a gasar Nijeriya, sai ya hau sosa ƙeya.

Da can ba haka ba ne. An soma gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ɗauka. A 1978 Raccah Rovers ta kai kofin Kano. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri kuwa ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, daidai lokacin da aka ciro Jihar Yobe daga Borno. A zamanin nan, wanda bai sami shiga fili ba yakan kwana da labarin a rediyo.

To, me ya kori jama'a? Na farko, tauraron ɗan'adam ya kawo wasan Turai har bakin ƙofa. Na biyu, 'yan kallo sun gaji da zargin alƙalan wasa da fifita masu masauki. Na uku, yawancin kulob-kulob ɗin a hannun gwamnatocin jihohi suke, albashin 'yan wasa kan makara. Yobe Desert Stars ta buga babbar gasa a 2018, ta faɗo a 2019. Gidanta kuma Damaturu ne, tafiyar sa'o'i daga Nguru.

Asarar a kan yara take ƙarewa. In ba kuɗin ƙofa, kulob ba ya iya riƙe ƙungiyar matasa, balle ya aiko mai farautar gwanaye bakin kogin Yobe. Sai yaro ya gama ƙuruciyarsa yana taka leda cikin rairayi, ba wanda ya gan shi. Alhali Nijeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, daga 1985 zuwa 2015. Ahmed Musa ma a Kano Pillars aka san shi, ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, kafin Turawa su ɗauke shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke Kurmi na iya haɗa taro da sisi su aika da ƙwallo da riguna, su sa kofi tsakanin unguwanni lokacin Salla, don yaran su sami hanyar zuwa irin gasar Kofin Ramat ta Kano. In kuma kulob ɗin Arewa ya sauka Kudu, a je fili a mara masa baya. A Ikko El-Kanemi ta sake ɗaukar kofin nan a 2024.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa a gyara.