Akuya Mai Jan Garke: Jagora ce ko Maciyar Amana?

Sunan unguwar Zongo ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, daga kalmar "zango" ya samo asali, wato inda ayarin fatake ke yada kaya su kwana. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dillalan raguna na wannan unguwa gab da Babbar Salla ya ga wani abu da masu sana'ar ba su ɗauke shi bakin komai ba. Idan ana son sauke raguna daga mota, ko a ratsa titi da su, ba a bin kowanne da sanda. Ɗaya ake kamawa a ja, saura su biyo. Tumaki ba su son rabuwa da garke, kuma ba su son zama na farko wajen shiga inda ba su sani ba.

A kan wannan ɗabi'a Turawa suka gina wata dabara. A manyan mayankan Amurka na da, akan horar da akuya, sau da yawa taure, wato bunsurun da aka fiɗiye, har ta saba da hayaniyar wurin. Sai ta shiga cikin tumaki, ta wuce gaba, su bi ta har ƙofar yanka. Ita a kauce da ita, ta koma ta jawo wasu. Akuya ta fi tunkiya ƙarfin hali da saurin gane hanya, shi ya sa aka zaɓe ta. Suka laƙaba mata sunan Yahuza Iskariyoti, almajirin da Linjila ta ce ya bashe da Annabi Isa.

Daga baya dabarar ta bar mayanka ta shiga daji. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado, awakin da mutane suka kai sun zama na jeji, suna cinye tsirran da manyan kunkuran wurin ke rayuwa a kansu. Awaki 3 kacal aka saki a tsibirin Pinta a 1959, kafin shekara 20 sun zama dubbai. Tsakanin 1997 da 2006 aka gudanar da Shirin Isabela, aka kashe awaki fiye da 140,000, da yawa ta hanyar harbi daga jirgi mai saukar ungulu. Wahalar tana ga 'yan ragowar, domin sun koyi ɓuya da zarar sun ji ƙarar jirgi. Sai aka kama wasu awaki, aka hana su haihuwa, aka ɗaura musu na'urar rediyo a wuya, aka sake su. Akuya ba ta zama ita kaɗai, dole ta nemi 'yan'uwanta. Maharba su bi sautin na'urar, su harbe garken, su bar mai na'ura ta sake nemo wani. An ma riƙa sa wa wasu matan sinadarin da ke sa su daɗe suna neman barbara, don su jawo bunsura.

Ga mai nazarin harshe, tambayar ita ce yadda za a kira wannan dabba da Hausa. "Akuyar Yahuza" ba ta faɗa wa Bahaushen Zongo ko na Katsina komai, sai dai ya tambaya wane Yahuza ne mai akuyar. "Jagora" da "jagaba", wanda a ayari shi ne mai shiga gaba ya duba hanya, duka suna ɗauke da yabo, alhali nan halaka ake kai mabiya. "Maciyar amana" kuwa ta yi wa dabbar ƙazafi, tunda ba ta san abin da ake yi da ita ba. "Akuyar tarko" ta fi kusa, don ta mayar da laifin ga wanda ya ɗana. Mai fassara kuma yana iya jingina ta da karin maganar nan, "da ɗan gari akan ci gari", ko da yake shi ɗan garin ya san abin da yake yi.