Wasan damben kwamfuta: ya dace da yara?

A unguwannin cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Mandawari, ana samun shagunan da yara ke biyan kuɗi su buga wasannin PlayStation. Ƙwallon ƙafa ya fi karɓuwa, amma akwai na dambe, wanda ke nuna kumburin ido da zubar jini kamar da gaske.

Dambe dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda mahauta suka daɗe da shahara a kansa. Sai dai a fagen gargajiya akwai manya masu raba faɗa. A shago kuwa, sau da yawa yaro da allo ne kawai.

Su kansu wasannin sun bambanta. Hukumar ESRB ta Amurka ta ware Fight Night Round 3 na shekarar 2006 ga masu shekara 13 zuwa sama. Amma Fight Night Champion na 2011 ta ce sai ɗan shekara 17, saboda jini da ashar. Wannan alama tana jikin kwalin asali, abin da ba a cika gani ba a wasan da aka kwafa.

A shekarar 2020, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce irin waɗannan wasanni na ɗan ƙara zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar ɗora musu alhakin ta'asa. Don haka danganta su kai tsaye da daba zai yi wuya.

Abin da ya fi kusa da iyaye shi ne lokaci: yaron da ke shago da la'asar, Islamiyya ce ta wuce shi.